Gwaggo, Wadda Ta Koya wa Gauraka Tsoron Mutum

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, ana gab da kiran la'asar, Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ban san kaina ba. Nasa muke dukkanmu, wurinsa za mu koma, ita dai ta riga mu ne. Ta cika a ɗakinta, a kan gadonta, taga a buɗe kamar yadda ta ce a bar mata. Tun daga ranar mutane ke shigowa suna ba ni haƙuri ina amsawa, amma da gidan ya yi tsit sai in ji da ke nake son magana, Gwaggo, ba da su ba. To bari in yi da ke. Dama ba ki taɓa barin mutum ya kai ƙarshen zancensa ba ki tsoma baki ba. Yau dai dole ki saurara.

Wanda bai san ki ba, sai in ce masa ke ce matar ɗakin hoton ƙashi. Shekara talatin da wani abu kika yi a can ƙasan asibiti, a ɗakin da ba shi da taga, daga tebur mai sanyi sai rigar dalma mai nauyi a rataye, sai ɗan bangon nan mai gilashi da kike laɓewa a bayansa kafin ki danna maɓallin na'ura. A bakin ƙofar ɗakin na yi rabin karatuna, a kan benci, ina jin muryarki tana fitowa ta ƙasan ƙofa. Ba kya shiru. In aka kawo yaro, sai kin ɗumama farantin ɗaukar hoton da tafin hannunki kafin ki jingina masa bayansa, kina tambayarsa sunan malaminsu da wanda ya fi shi cin zali a aji. Na tuna wani tsoho da aka kawo, ya ɗauka na'urar za ta ƙona shi. Kika zauna kusa da shi kika yi ta jan sa da hira a kan gonarsa, har ya manta abin da ya kawo shi, da hoton ya fito kuma kika ce masa haƙarƙarinsa ya fi na samarin yanzu kyau. Dariya yake yi har ya fita.

Kalma uku ne ba sa canzawa a bakinki. "Ja numfashi. Riƙe." Sai ƙarar na'ura. "Saki." Ko a gida za ki ɗauke mu hoto da waya sai kin faɗe su, mu kuwa mu tsaya ƙiƙam da kumatu a cike, shi ya sa duk hotunan yarintata kamar wadda aka ɓata wa rai.

Da kika yi ritaya kowa ya ɗauka za ki zauna ki miƙe ƙafa. Sai ga ki da tsohuwar kyamara a wuya, kina bin ƙadangaru a gindin katanga da tattabaru a kan rufi. Kika ce kin gaji da ganin cikin mutane a cikin duhu, kina so ki ga halitta da fatarta, a tsakiyar rana. Ba a yi shekara ba kika zo mana da labarin wata fadama a wata ƙasa mai nisa, inda ake neman 'yan aikin sa kai masu kula da gauraki, ba albashi, sai wurin kwana da abinci. Baba, ƙaninki, ya cire tabarau ya dube ki.

"Yaya, tsuntsu ne ya ƙare a nan?"

"Kai dai riƙe min makullin gida," kika ce. "Kuma ka riƙa ba shukokina ruwa, ba addu'a kaɗai ba."

Aikin, kamar yadda kika bayyana mana daga baya, shi ne a tsinto ƙwan gauraki daga wuraren da garmar noma ko ambaliya za ta lalata, a ƙyanƙyashe su, a rene su, in sun yi ƙarfi a sake su cikin 'yan uwansu na daji. Amma da sharaɗi. Ba a yarda ɗan tsuntsun ya ga fuskar mutum ko ya ji muryarsa ba, don kada ya tashi yana ɗaukar mutum a matsayin uwa. Mai renon zai sa wata doguwar riga ruwan toka mai rufe har kai, da raga a wajen ido, a hannunsa kuma kan gauraka na roba wanda da shi yake nuna musu abinci. Daga shiga har fita, ko tari ba a so. Ranar da kika faɗa mana haka a waya, sai da Baba ya yi dariya har ya ƙware. Gwaggo da shiru! Ni ce na biya kuɗin shirun nan da kunnena, don kullum da yamma sai kin kira ni kin sauke min maganar yini guda, tun daga kan abin da tsuntsaye suka ci har munsharin matar da kuke ɗaki ɗaya.

Da na samu hutu na je gare ki. Har yanzu in na rufe ido ina ganin safiyar farko. Hazo ya kwanta a kan ruwa, ba a gane inda fadama ta ƙare sama ta fara. Aka ajiye ni a wata bukkar leƙe ta katako, aka ce kada in yi motsi. Can sai ga wasu dogayen inuwoyi ruwan toka suna fitowa daga cikin hazon a hankali, ruwa iya ƙwaurinsu, a bayan kowace inuwa kuma ga 'ya'yan gauraki a jere, dogayen ƙafafu, ɗan tukkunsu bai gama fitowa ba. Ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga ciyawa da ɗan kukansu siriri. Na daɗe ban gane wace ce ke ba. Sai da ɗaya daga cikin inuwoyin ta tsaya ta dafa ƙugu irin na mai ciwon gwiwa, sannan na ce ga Gwaggona. Na ji daɗi a ranar irin wanda ban san da wa zan raba shi ba, kuma na ji kishin tsuntsayen nan, gaskiya ce.

Bayan renon, ke aka ba aikin hoto. Likitar dabbobin wurin, wata mace mai sanyin magana, tana so a riƙa ɗaukar hoton ƙafafu da fukafukan kowane ɗan tsuntsu don ta ga yadda suke girma. Hotunanki sun cika bangon ɗakin cin abinci: ƙafa ɗaya a ɗage ruwa na zuba daga yatsu, ido mai haske kamar ɗan maɓalli, garke a tsaye a cikin hazo kamar an zana su da toka. Sauran 'yan sa kan, waɗanda yawancinsu kin haife su, suna zuwa ki gyara musu riƙon kyamara, ke kuma ki haɗa musu da nasiha a kan aure da cin abinci a kan lokaci, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

An hana a sa wa tsuntsayen suna, da launin zoben ƙafarsu ake kiran su. Amma akwai wata mai jan zobe, wadda aka ƙyanƙyashe a ƙarshe da ƙafar hagu a karkace, ke a ranki Auta kike ce mata. Saboda ƙafar, sai aka ware ta a wani ɗan keji ita kaɗai, aka ɗaure mata karan ɗori, kuma kullum safiya ke ce mai shiga ki ɗauki hoton ƙafar daga kusa. Sauran daga nesa kike ɗaukar su. Ita kuwa kina durƙushe a gabanta, tsakaninku bai wuce kamu biyu ba. Ƙafar ta miƙe, sai ɗan ɗingishi da ya rage, kowa ya yi murna.

Ina can aka sake su. Aka raka su har bakin babban tafki inda na daji suke kiwo, masu rigunan toka suka ja da baya a hankali suka ɓace cikin ciyawa. Duk suka shiga garke, har da Auta. Bayan kwana kaɗan sai ga ta a bayan ɗakin girki, a tsaye tana karkata kai, daidai tagar da kike zaune kina ba mai girki labari. Aka mai da ita tafki, ta dawo. Sai kuma aka gan ta a kan hanya tana bin wani manomi, wata rana kuma tana tsaye a tsakiyar masu jiran mota suna miƙa mata hannu. Likita ta tara mu ta faɗi abin da kowa ya sani. Gaurakar da ke zuwa wurin mutane ba ta daɗewa, in kare bai kama ta ba mota za ta buge ta, ko wani ya cusa ta a buhu ya sayar. Ruwa ya fara janyewa, garken na gab da tashi zuwa wani wuri. In Auta ba ta bi su ba, keji za a mai da ita, kuma a ciki za ta ƙare rayuwarta. Ba wanda ya san yadda aka yi ta saba da mutum, don ba wanda ya taɓa cire riga a gabanta.

Washegari da safe ina tsaye kusa da ke a bayan ɗakin girkin, ta sake zuwa. Kika ɗaga kyamara don a nuna wa likita. Sai na ji a hankali, ƙasa-ƙasa, "Ja numfashi. Riƙe." Ni ko a jikina, don tun ina yarinya nake jin sa. Amma Auta ta miƙe wuya ta tsaya cak, ta tako zuwa gare ki. Kika sauke kyamarar a hankali, kika sa hannu a bakinki.

"Ni ce," kika ce. "Wallahi ni ce. Kullum safiya, a cikin rigar nan, ban ma san ina yi ba."

Da ƙafarki kika je kika faɗa wa likita. Ba ta yi miki faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi miki sauƙi. Ta ce sauran sun sha korar tsuntsuwar, tana gudunsu amma tana dawowa, domin akwai murya ɗaya da ta yarda da ita. Saura hanya ɗaya. Mai muryar ce za ta fito da fuskarta a buɗe, ta yi magana don Auta ta gane ta, sannan ta tsorata ta, ta yi ta tsorata ta har sai ta daina yarda da kowa. Aka ba ki baƙar lema da gwangwani mai tsakuwa a ciki.

Gwaggo, ke da kyanwar maƙwabta take kwana a kan kujerarki ki koma tabarma don kada ki tashe ta. Ina kallo daga bukkar leƙe kika fita cikin hazo ba riga ruwan toka, sai ɗankwalinki. Kika kira ta, ta taho da ɗan ɗingishinta. Kika buɗe lemar a fuskarta, kika kaɗa gwangwanin, kika yi kanta da gudu irin naki na mai ciwon gwiwa. Ita kuwa sai ta buɗe fukafukai ta yi tsalle, ta sunkuya, ta sake tsalle, ta tsinci kara ta wurga sama. Rawa take yi miki. Ta ɗauka wasa kika zo yi da ita. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ciwo a lokaci guda kamar wannan ba, na kifa kaina a katako na yi ta kuka.

Haka kuka yi ta yi safiya bayan safiya. Ba kya cin abincin kirki, hirar yamma ma ta mutu. Har ranar da kika yi mata wata irin tsawa da ban san kina da ita a ƙirji ba, kika dunƙule laka kika jefe ta, ta same ta a fiffike. Ta ja da baya ta dube ki. Ta daɗe tana duban ki. Sannan ta yi 'yan taku da gudu ta tashi, ta bi saman ciyawa ta nufi tafki. Kika zauna a cikin lakar da kayanki. Da na iso na kama ki, abin da kika ce kawai shi ne, "Ba ta san dalili ba. Shi ne yake cin raina."

Garken ya tashi a satin, ba a kuma ganin ta a bayan ɗakin girki ba. Amma ba wanda zai iya rantsewa ta bi su, don ba a ga tashinsu ba, da safe kawai aka tarar tafkin wayam. Ko tana cikinsu, ko tana buhun wani, ko kare ya gama da ita a cikin ciyawa, Allah kaɗai ya sani. Ke kuma kika katse zamanki kika biyo ni gida, kika ce gara muryarki ta bar fadamar gaba ɗaya, kada wata rana ta dawo nema.

Kin dawo, amma ba duka ba. Kyamarar ta koma ƙusa a bayan ƙofa. Sai ki zauna a bakin taga kina kallon sama, in waya ta yi ƙara ki zabura ki ce, "Daga can ne?" Da tari ya matsa miki muka je asibiti, a tsohon ɗakinki aka ɗauke ki hoto, wata yarinya da ke kika koya mata aiki ita ta ce miki ki ja numfashi. Kafin a kai wa likita hoton kika karɓa kika ɗaga shi wajen haske, kika duba na ɗan lokaci, kika mayar cikin ambulan. Kika ce kin sha ganin irinsa, ba a warkewa, mu tafi gida. A hanya kina tambayar mai tasi lafiyar iyalinsa.

Na bar mijina da yara a garinmu na tare a wurinki. Sai kika fara. Shayina ya yi ruwa. Tafiyata ta cika ƙara. Wai na zauna miki a ka, wai ba ki taɓa ganin macen da ta bar 'ya'yanta ta zo tana gadin tsohuwa ba, wai dama tun ina ƙarama ba na jin magana. In na shigo ki juya fuska bango. Ranar da kika ce min kin gaji da ganina, sai da na fita tsakar gida na share hawaye, don maganar ta shige ni. Ina tsaye a nan na gane abin da kike yi. Na koma ciki na zauna a bakin gadon.

"Gwaggo, ajiye lemar nan. Ina bukkar leƙe lokacin da kika yi wa waccan. Ni ba ni da fiffike, ba inda za ni."

Kafaɗarki ta fara rawa, kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Amma ba ki daina ba. Washegari ma sai da kika kushe shayin.

Kwanaki kaɗan kafin ki cika, da hantsi, saƙo ya shigo wayata daga likitar fadama. Ruwa ya dawo, gauraki sun dawo da shi. Mai gadin tafki ya hango wata mai jan zobe da ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, ga wani namiji yana kiwo kusa da ita. Ya lallaɓa don ya ɗauke ta hoto da kyau, amma tun yana nesa, kafin sauran su ɗaga kai, ita ta fara tashi. Hoton da ya samu bai yi kyau ba ko kaɗan. Duk ya dushe, ba a ganin komai sai bayan tsuntsuwa a can sama da wani ɗan jan ɗigo a ƙafarta. Na sa miki tabarau, na riƙe miki wayar, don hannunki ba ya iya riƙewa.

"Ta tsaya masa?" kika ce.

"Ba ta tsaya ba, Gwaggo."

"Ko kaɗan?"

"Ko waiwaye ba ta yi ba."

Kika rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen tabarau ya shiga kunnenki, kina murmushi, kina ta godiya ga Allah a hankali. Na daɗe ban ga fuskarki ta saki haka ba. Can kika buɗe ido kika dube ni sama da ƙasa.

"Ɗaya dai ta ji magana," kika ce. Sannan kika buɗe tafin hannunki a kan bargo. "To ke da kika ƙi ji, matso kusa."

Na matsa. Daga ranar ba ki ƙara kora ta ba, kuma hannuna yana cikin naki har la'asar ɗin Talata. Ina kewarki, Gwaggo, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama fiye da yadda ta tausaya wa marasa lafiya da halittunka marasa baki. Ka yalwata mata makwancinta, ka haskaka shi, ka karɓi abin da ta yi na alheri, ka yafe mata abin da ta yi cikin kuskure, ka sa Aljanna ce gidanta na ƙarshe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, wanda ya rasa yaya kuma uwa, da sauran 'yan uwa da jikoki, da abokan aikinta na asibiti, da likita da 'yan sa kai na fadama waɗanda suka kira suna kuka daga nesa. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.